Akwatin Wuta Marar Nauyi

Zurmi, 9 ga Janairu, 2002

Zuwa ga taubashina Safwan, mutumin Kano,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka Rumaisa'u. Mu nan lafiya lau, sai idon Baba da ke ta ja da baya. Yanzu in mutum ya shigo zaure sai ya yi magana kafin Baba ya gane shi. Gwaggo ta zo daga Kaura ranar Juma'a, ta ce ɗanta ya manta hanyar gida. Ban kare ka ba, don gaskiya ta faɗi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da anka buɗe sababbin kotunan shari'a, zauren Baba, Malam Na'ibi, bai rabo da baƙi. Alƙalai matasa na zuwa daga Kaura da Shinkafi, kowa da tambayar rabon gado. Sun yi karatu, amma in anka kawo masu gado na gaske, mai gona da shanu da kaka mai rai, sai lissafi ya rikice masu. Baba kuwa a kan wannan aiki ya tsufa. To ya ƙudurta zai bar littafi da Hausa. Zai sa hukunci, ya sa aya, ya kuma sa irin rabon da shi da kansa ya yi a garuruwan nan, yadda ta rikice da yadda anka warware. Rubutu ya gagare shi, don haka shi zai riƙa faɗi, ni in riƙa bugawa, tun da dai an kai ni Kaura na koyi na'ura.

Ya sa an sayar da bijiminsa da ke wurin Fulanin Gurbin Bore. Kuɗin na hannun Labbo direba tare da wannan takarda. Kai da kake haɗa wa Kanawa kwamfuta, yau ga ranarka, ka haɗa mana wadda kuɗin za su iya. Abu ɗaya Baba ya roƙa: gilashin da rubutu ke fitowa ya zama babba, ko Allah zai sa ya ga wani abu da idonsa.

Ka riƙe amanar kawunka, na san halin ɗan mace.

Uwargijiyarka,
Hamdiyya

Kano, 21 ga Janairu, 2002

Zuwa ga Hamdiyya, wadda ta naɗa kanta uwargijiya,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, Rumaisa'u na gaishe ki. Ki gaida Kawu da jiki, labarin idonsa ya tsaya mini a rai. Inna kuma a ce mata ina tafe da Babbar Sallah in Allah ya yarda.

Saƙo ya iso. Ba zan ɓoye miki ba, bijimin bai kai inda kuke so ba. Na samu sauran kayan na hannu masu kyau, sai abu biyu da ke rigima a kan ragowar: babban gilashi da akwatin wuta.

Akwatin wuta wani ɗan ƙarfe ne mai fanka a cikin kwamfuta, ta baya. Mu a kasuwa fawa-fak muke ce masa. Shi ke karɓar wutar gari, ya tace ta, ya raba wa kowane sashe daidai cikinsa. Ba mai ganinsa, shi ya sa nan kowa ke rage kuɗi. Iri biyu ne. Akwai sabo mai sheƙi, an manna masa takarda mai manyan lambobi, amma in kika ɗaga shi kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Akwai kuma mai nauyi, wanda ake cirewa daga tsofaffin kwamfutocin ofis, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Mu ba ma karanta takardar. Ɗagawa muke yi a hannu, mu duba kaurin wayoyi, mu kasa kunne ga fanka. Marar nauyin yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma ranar da zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja rumbun da ke ajiye rubutu su tafi tare. Ga wutarku ta Zurmi da na sani, yau ta zo a gajiye gobe ta zo da hauka, ga kuma bazara na tafe.

Shawarata ita ce ƙaramin gilashi da akwati mai nauyi. Ki karanta wa Kawu wannan, ki aiko mini da abin da ya ce.

Naki,
Safwan

Zurmi, 31 ga Janairu, 2002

Safwan,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya.

Ban karanta wa Baba takardarka ba, kuma ba zan karanta ba. Ka san shi. Zai ce a bi shawarar mai sana'a, ya haɗiye abin da yake so, bai kuma ƙara tada maganar. Mutum ya rabu da bijiminsa, abu ɗaya tak ya roƙa, shi ne za ka ce a cire saboda wani gwangwani da ba mai gani?

Na karanta layin nan naka na cewa bijimi bai kai ba har na haddace shi. In ladan aikinka ne bai fita ba, ka faɗi a fili, in sayar da ɗan kunnena in cika maka. Amma babban gilashi za ka sa.

Hamdiyya

Kano, 12 ga Fabrairu, 2002

Hamdiyya,

Bayan gaisuwa. Ga kwamfuta nan a motar Labbo, da babban gilashi kamar yadda kika ce. Ɗan kunnenki ki bar shi a kunnenki. Ko kwabo ban ɗauka ba, kuma ban yi zaton za a taɓa tambayata wannan daga gidan Kawu ba.

Marar nauyin na sa. Na zaɓi mafi dama a cikinsu, amma hannuna bai so ba lokacin da nake ɗaure shi. Saboda haka ki kiyaye waɗannan. Kada a jingina bayanta da bango. In wuta tana wasa ki kashe. Ga kwalin disket, ƙananan faya-fayan ajiya ne, duk abin da kika buga ki kwafe a ciki, ki ajiye daban.

Sallah ba za ta yiwu ba, aiki ya yi yawa. Ki ba Inna haƙuri.

Safwan

Zurmi, 24 ga Maris, 2002

Zuwa ga taubashina, mai dogon fushi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. An yi Sallah ba kai, Gwaggo ta soya maka nama ta ajiye har ta gaji ta rabar. Na san ba aiki ya hana ka ba, bakina ne. Maganar ɗan kunne ba ta dace ba, tun da na ba Labbo takardar nake jin kunyarta. Ka yafe mini, ko da yake bawa ba ya fushi da uwargijiyarsa.

Da kana nan ranar da munka kunna ta. Na buga sunan Baba, na yi ta ƙara girman haruffa har sunka cika gilashin. Ya matso har hancinsa na taɓawa, sai ya sa yatsa yana bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Wannan ni ne.” Na fita tsakar gida kamar zan ɗebo ruwa, don kada ya ji muryata. Ko me za ka ce, wannan ranar ta biya.

Aiki na tafiya. Duk sanda anka kawo wuta sai ya bar komai ya zo ya zauna. Babi biyu na farko na kwafe a disket, na kai Kaura an fitar a takarda. Yanzu muna cikin labaran rabon da ya yi, kuma nan ne daɗin yake. Wasu abubuwan shi kansa sai yana faɗi suke dawo masa, ya yi ta mamaki.

Wani abu zai ba ka dariya. Ran nan ya tambaye ni ko ayoyin da nake bugawa suna cikin akwatin ne ko bayan an kashe. Na ce suna ciki. Ya ce, “To kuma shi ne kunka bar ta tsirara a kan tebur kamar rediyo?” Ya sa an ɗora ta bisa akwatin littattafansa, sama da kan mai zaune. Ya fito da bargon da ya zo da shi daga Makka, wanda ko mu ba mu taɓa lulluɓa da shi ba, ya kira Jaji tela ya ɗinka mata riga daidai jikinta, gaba da baya, sai 'yar ƙofar wayoyi da ta wurin kunnawa. Ya ce ba a tuɓe ta sai da alwala. Ta yi kyau abinta kamar amarya. Kada ka damu, bayanta na nesa da bango kamar yadda ka ce.

Ramin disket ɗin ya shige cikin rigar, shi ya sa kwana biyu ban kwafe ba, amma zan yi. Zafi ya fara. Wani lokaci tana wani ɗan wari kamar an bar dutsen guga a kan kaya, ko haka suke yi?

Taka,
Hamdiyya

Kano, 29 ga Afrilu, 2002

Hamdiyya,

Ki ajiye gaisuwa tukuna. Ki tashi yanzu ki cire mata rigar nan, da alwala ko ba alwala, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

Takardarki ta Maris yau ta shigo hannuna. Motar Labbo ta lalace a Shinkafi, ta yi zaman gareji, takardar na cikin aljihun motar. Fankar nan ta baya numfashin akwatin wuta ce. Da na ce kada a jingina da bango, iska nake nufin a bar mata, sai na yi rowar bayani don ina jin haushinki. Warin da kike ji ba haka suke yi ba, cikinsa ne ke dahuwa.

Ga mai nauyi nan na sayo da kuɗina, abin da ya kamata in yi tun farko. Ki kai ta Kaura wurin Muhtari mai gyara, kusa da tasha, ya canza. Kafin nan kada ki kunna ta sai don ki kwafe komai a disket. Ki gaya wa Kawu girmama ayoyin da ke ciki shi ne a bar su su sha iska.

Na yafe tun tuni. Ki rubuto da wannan motar.

Safwan

Zurmi, 9 ga Mayu, 2002

Safwan,

Bayan gaisuwa. Jikinmu lafiya. Labbo ya kawo takardarka da akwatin. Na ɗaga shi, na ji nauyin da kake faɗi. Ya tarar an gama.

Ranar wata Talata ce da azahar, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Baba ya tafi masallaci, na bar ta a kunne don za mu ci gaba. Ina tsakar gida na ji ƙara kamar an fasa leda. Ina shiga na ga hayaƙi na fita ta ƙofar wayoyi. Na fizge rigar, ƙarfen ya ƙona mini yatsu. Na ce wa Baba zan kai ta Kaura a duba lafiyarta. Muhtari ya buɗe, ya nuna mini cikin akwatin wuta ya yi baƙi ƙirin. Ya ɗauki rumbun ya gwada a kwamfutarsa, ya gwada a ta maƙwabcinsa, ya sa a kunne, ya girgiza kai. Ya ce wutar ta bi ta kansa. Na ce ko Kano, ya ce ko Legas.

Babi biyu ne a takarda. Duk sauran, rabon Katuru, na Badarawa, na gidan da anka yi shekaru ba a magana, komai ya tafi.

Ban gaya masa ba. Ka ji abin da nake yi, don in ban gaya wa wani ba zan haukace. Na maido ta, na sa mata rigarta, na ɗora ta wurinta. Gilashin bai mutu ba, in anka kawo wuta yana haske, da wani ɗan rubutun Turanci yana yawo a ciki. Baba yanzu hasken kaɗai yake gani. Sai ya zauna ya yi bisimilla ya fara faɗi, ni kuma in yi ta danna kibod, maɓallan rubutun nan, don ya ji ƙara. Ba abin da ke shiga ko'ina. In ya tashi sallah sai in ruga ɗaki in rubuta abin da na riƙe a littafin makaranta, rabi ya zube a hanya. Jiya ya ce, “Hannunki ya ƙara sauri, Allah shi yi maki albarka.” Na ce amin.

Ni na hana a karanta masa shawararka. Ni na zage ka har ka sa abin da hannunka bai so ba. Ni na ga kwalin disket kullum na ce gobe. Ban san da wane baki zan fara ba.

Hamdiyya

Kano, 17 ga Mayu, 2002

'Yar'uwata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Yaya yatsun? Ki riƙa shafa zuma. Rumaisa'u ta ce in gaishe ki, ta ga na kasa cin abinci ta karɓi takardar ta karanta.

Kin lissafa naki, to ki ji nawa. Ke ba ki san akwatin wuta ba, ni na san shi. Wanda ya sani shi ke ƙin sa abin banza ko da za a zage shi. Kuɗin mai nauyin nan ina da su tun Fabrairu, ba su fi abin da nake kashewa a man fetur ba. Na ƙi cikawa ne don a ce ga abin da kuɗinku suka saya. Kuma da na zo bayan Sallah kamar ɗan halak, da idona ya ga rigar nan. Kawu ne ya biya mini kuɗin jarrabawa shekarar da Babanmu ya rasu, yau ga abin da na saka masa da shi.

Amma ki daina danna matacciyar na'ura. Kowace safiya da kika yi haka, wani rabon ne ke fita daga bakinsa ya faɗi ƙasa, kuma ba mu san sau nawa zai iya faɗinsa ba. Ki gaya masa. Ki ce Safwan ne ya sa kayan banza, gaskiya ce ba ƙarya ba. Maganar bargo kada ki tada ta, bai kamata tsoho ya ɗauki wannan ba.

Ga wani rumbun nan, ki haɗa da akwatin ki kai wa Muhtari. Ina tafe farkon wata, ko da shagon zai rufe.

Naki,
Safwan

Zurmi, 6 ga Yuni, 2002

Zuwa ga Safwan,

Wa alaikumus salam. Yatsu sun warke. An yi ruwan fari, mutane sun fita shuka. Gwaggo ta ji kana tafe, ta ce sai ta gani.

Na gaya masa. Na jira baƙi sunka watse, na durƙusa na faɗi komai, har dannawar ƙarya. Na ce kai ka sa kayan banza, kamar yadda ka ce in faɗi, na kuma ce ni na tilasta ka. Bargo ban ambata ba.

Sai ya miƙa hannu sama ya shafa rigar, ya bi ta da yatsu har ya kai inda ta ƙone ta baya. Ya ce, “Abin nan yana numfashi ne?” Na ce yana da fanka. Ya ce, “Ta nan?” Na ce ta nan. Ya ce, “To ke da ɗan'uwanki ku bar rabon abin da ba naku ba. Ni na toshe mata hanci.” Na fara cewa ba haka ba ne, ya ɗaga mini hannu. Ranar bai ci tuwon dare ba, kuma bai fito zaure ba washegari. Wani alƙali ya zo tun daga Shinkafi ya koma bai gan shi ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muhtari ya ɗaura mai nauyin da sabon rumbun. Tana nan bisa akwatin littattafai, ba riga. Baba ya ce a bar ta haka, Allah ya san niyya. Daga yanzu kowace rana zan kwafe kafin in tashi.

Shekaranjiya ya ce a kunna. Na karanta masa babi biyun da ke takarda, munka shiga na uku. Hukunci da ayoyi suna zuwa masa tsaf, ba gargada. Sai munka kai labaran. Ya fara na Badarawa, wata gona mai rijiya a tsakiya, magada sun ƙi a sayar sun ƙi a raba. Ya kawo sunayensu, ya kawo kason kowa, sai ya tsaya. Na jira, hannuna bisa kibod. Ya murza goshi. Ya ce, “Hamdiyya, mi na ce a nan wancan karon? Yaya munka yi da rijiyar?”

Safwan, ni na buga shi a watan Maris. Na tuna ya yi tsawo, na tuna har dariya ya yi a ƙarshensa. Amma lokacin hankalina na kan haruffa, kada in yi kuskure, yatsuna ne kawai ke jin maganarsa. Na nema a kaina ban samu komai ba. Na ce, “Ban riƙe ba, Baba.”

Ya ce ba komai, in bar fili mu wuce, wataƙila ya dawo. Na bar fili. Kafin a kira azahar na sake barin wani.

Ka zo da wuri.

'Yar'uwarka,
Hamdiyya